Avrae: Alƙalin Faɗan Jarumai a Discord

Duk wanda ya taɓa shiga wasan ƙaga labari na haɗin gwiwa a intanet, inda kowa yake riƙe da jaruminsa yana rubuta abin da zai aikata, ya san cewa rigima ba ta tashi sai an zo wajen faɗa. Wani zai rubuta cewa takobinsa ya sare wuyan abokin karawa, ɗayan kuma ya amsa cewa ai ya goce tun kafin a kai sara, daga nan sai faɗan jarumai ya rikiɗe ya zama cacar baki tsakanin masu su. Maganin wannan matsala ne Avrae take sayarwa, ko da yake kyauta ce: manhaja ce da ake sakawa a zaurukan Discord, wato dandalin hira ta intanet, an kuma gina ta bisa dokokin wasan jarumai na Dungeons & Dragons (D&D) bugu na 5, wanda ya fito a 2014.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ƙwace hukunci daga hannun kowa. Jagoran wasa zai buɗe faɗa da umarnin !init begin, kowane ɗan wasa ya shiga da !init join, sai manhajar ta jefa wa kowa ɗan ludo mai fuska 20 ta jera wanda zai fara da wanda zai biyo baya. Idan jarumi ya kai hari, tana jefa ɗan ludon a gaban idon kowa, ta haɗa sakamakon da ƙwarewar jarumin, sannan ta gwada shi da ƙarfin sulken wanda aka kai wa. Idan adadin ya kai na sulken ko ya wuce, sara ya shiga, ta kuma rage masa ƙarfin rai nan take. Wanda aka kayar ba shi da wanda zai zarga da son kai, domin lissafin yana rubuce a fili. Ba a ma wahalar shigar da bayanan jarumi da hannu, tunda tana ɗauko su daga shafukan intanet da ake ajiye bayanan jarumai, wato D&D Beyond ko Dicecloud ko Google Sheets.

Sai dai umarnan duk da Turanci suke, kuma suna da yawa, saboda haka sabon shiga zai yi kwanaki yana lalube. Dodanni da tsafe-tsafen da ba sa cikin dokokin wasan da aka sake kyauta kuwa sai an sayi littattafansu a D&D Beyond.

Ga masu wasan zube, waɗanda ba su bin dokokin wannan wasa, umarnin !roll kaɗai ya wadatar, matuƙar an yi yarjejeniya tun farko kan adadin da ake ɗauka nasara. Manhajar lamba kawai take bayarwa. Yadda sara ya shiga, da ko wanda aka kayar zai mutu ko a kama shi a raye, wannan yana wuyan jagora da 'yan wasansa, kuma ya fi kyau a yanke shi kafin a zare takobi.