Yadda muka nemi masauki a Zell am See lokacin zafi

Salam Yaya, da fatan kowa lafiya, ya Hajiya da yara. Ka ce in ba ka labarin hutun da muka yi tunda kai ma kana tunanin kawo iyali, to ga shi, amma maganar masauki zan fi yi don nan ne kuɗi ke zurarewa mutum bai sani ba.

Garin sunansa Zell am See, a jihar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, daga Munik inda muke kusan awa 3 ne a jirgin ƙasa har da canji. Ƙaramin gari ne a bakin tafki, duwatsu sun zagaye shi, kuma lokacin sanyi Turawa na zuwa sosai wasan zamiya a kan ƙanƙara. To nan fa na yi kuskuren farko. Na shiga shafin neman masauki na Booking na ga wani fulat an rubuta yana daf da inda ake hawa motar igiyar nan mai kai mutane saman dutse, hotuna fari fat ga ƙanƙara har baranda, na ce shikenan na samu. Ashe wannan kusancin mai wasan ƙanƙara yake yi wa amfani, mu da muka zo a watan Yuli da yara biyu da keken jariri sai muka tsinci kanmu a kan gangare, shago yana can ƙasa, in ka manta burodi sai ka sake sauka ka hawo kana haki kamar wanda ya hau Dala sau biyu. Maman yara ba ta ce komai ba amma kallon da ta yi min ya isa.

Sannan farashin da ka gani a shafin farko ba shi ne za ka biya ba. Akwai kuɗin share gida bayan ka tafi, su suna ce masa Endreinigung, sau ɗaya ake biya ko kwana 2 ka yi ko 10, shi ya sa fulat ba ya riba in kwanakinka kaɗan ne. Akwai kuma harajin baƙi da ake lissafa wa kowane babba kowane dare. Kuma duk da ka biya kuɗin sharar wlh sai ka wanke kwanuka ka raba bola da kanka, kwalba daban, takarda daban, roba daban. A gida ka sauka otal yaro zai karɓi jakarka, mai gadi ya buɗe get, ka aiki wani ya siyo maka tsire. Nan ba mu ga fuskar mai gidan ba har muka tafi, lamba kawai ya turo a waya, muka buɗe wani ɗan akwati a jikin bango muka ɗauki makulli. Amma fa gaskiya ba maganar an ɗauke wuta bari a tada janareta, ruwan zafi dare da rana, na famfo kuma kai tsaye muke sha, sanyi kamar daga randa.

Kwana 3 muka yi muka koma Kaprun, ƙauyen da ke kusa, wani ƙaramin gidan baƙi da iyali ke gudanarwa, irin wanda suke kira Pension. Abin da ya ja ni shi ne Summer Card. Wannan kati ba sayar da shi ake ba, masaukin da ke cikin tsarin ne ke ba ka in ka kwana wurinsu, da shi ka hau motar igiya zuwa saman dutsen Schmittenhöhe, ka shiga wuraren wanka na bakin tafki da wasu wuraren kallo ba ka sake ciro walat ba. Fulat ɗin farko ba ya ciki, da na lissafa tikitinmu mu duka sai na ga arahar da nake murna da ita ba araha ba ce. Don haka kafin ka biya ka tambaye su ƙarara, kuna ba da katin ko a'a. Sannan tun Mayun 2025 duk wanda ya kwana a jihar Salzburg ana ba shi tikitin hawa bas da jirgin ƙasa na cikin jihar, ka ga ba dole sai ka yi hayar mota ba.

Yawancin gidajen ba AC, ko fanka ma babu, don sanyi aka gina su. Da rana ɗakin saman nan na ƙarƙashin rufi yana ɗaukar zafi sosai, kar ka yarda a ba ka shi, da dare dai iska ta yi daɗi kamar Jos, har bargo muke ja. Ka zo da rigar sanyi saboda dutsen Kitzsteinhorn, wurin tsayuwar kallo yana a tsayin mita 3,029, mun bar ƙasa da shat mun iske ƙanƙara a sama, yara suka ƙi sauka.

Abinci ba matsala a cikin Zell am See, Larabawan Gulf sun cika garin lokacin zafi, gidajen abinci na halal da rubutun Larabci ko'ina, sai dai su ne kuma suka sa ɗakunan bakin tafki tsada a Yuli da Agusta. A Pension ɗinmu karin safe burodi ne da cuku da ƙwai da yankakken nama wanda yawanci na alade ne, matar gidan da ta gane sai ta riƙa ware mana faranti tana ƙaro ƙwai. Ku taho da buta don ba za ku samu a banɗaki ba, mu gorar ruwa muka yi ta amfani da ita. Kuma ka gaya wa Anti tun 2017 dokar ƙasar ta hana rufe fuska a waje, hijabi lafiya lau amma niƙabi ana cin tara. Magariba sai wajen ƙarfe 9, daga 10 kuma ba hayaniya, yaranmu sun ɗan yi guje-guje a kan benen katako maƙwabci ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, don haka ku da yara huɗu ɗakin ƙasa za ku nema. In kun tsai da wata ka turo min ranakun in duba muku.