Na karanta takardun OpenMRS bayan na sha wuya

Aikin da aka ba ni ƙarami ne: in fitar da rahoton nauyin marasa lafiya daga rumbun bayanan wani asibiti da ke amfani da OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya. Na ce ai wannan kafin la'asar na gama. Na buɗe teburin marasa lafiya ina neman inda aka rubuta nauyi, babu. Hawan jini ma babu. Kwana biyu ina bin kod ɗin Java layi-layi kamar mai neman allura cikin ruwa.

Da na gaji sai na koma shafin da ke bayanin tsarin bayanan manhajar, wanda tun farko na tsallake don ganin kaina gwani. Nan komai ya warware. A OpenMRS, duk abin da ma'aikacin lafiya zai auna ko ya tambaya yana zaune ne a ƙamus ɗin tambayoyi, kowace da lambarta, amsar kuma sai ta faɗa teburin obs, layi guda ga kowane awo. A ƙamus ɗin CIEL, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙamusoshin tambayoyi, lambar nauyi ita ce 5089, ta tsawo 5090. Dalilin ma a fili yake: tun 2004 da cibiyar bincike ta Regenstrief da ƙungiyar lafiya ta Partners In Health suka fara aikin, da shirin lafiya na AMPATH na Eldoret a Kenya, an so kowane asibiti ya ƙara tambayoyinsa ba tare da an taɓa ginin rumbun ba. Kod ba zai taɓa gaya maka wannan ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun gogewa. Lissafina ya riƙa zarce na rajistar asibitin, har na fara zargin masu shigar da bayanai, Allah Ya yafe mini. Ashe manhajar ba ta share awon da aka yi kuskure, alama kawai take sa masa a gurbin voided, wato an soke, ta ajiye wanda ya soke da dalilinsa. Ni kuwa duk na haɗa da su na ƙirga. Sharaɗi ɗaya na ƙara na tsallake waɗanda aka soke, alƙaluma suka daidaita.

Takardun da Turanci suke, kuma suna da yawa, sai ka ware musu yini guda. Ni dai yanzu duk sabon yaron da ya shigo wajenmu, shafin nan nake fara miƙa masa, kafin ma in ba shi izinin shiga rumbun.