Gyara Saiti ko Sake Ɗora Windows?

A gidajen Hausawanmu na Makka da Jidda, inda kwamfuta ɗaya ke yi wa iyali hidima, takan ƙi buɗe shafin Absher (na hidimomin gwamnatin Saudiyya) ko na banki ko da an kawar da ƙwayar cutar da ta shige ta. Hanya ta farko ta magance wannan ita ce a buɗe fayil ɗin hosts (wanda ke haɗa sunayen shafuka da adireshinsu a cikin kwamfuta), a goge layukan da cutar ta ƙara domin karkatar da adireshi, sannan a mayar da saitin DNS (tsarin da ke nemo adireshin shafuka a intanet) yadda yake a da. Wannan ba ya taɓa hotuna da takardu, amma ba ya tabbatar da cewa babu sauran ɓoyayyen lahani. Ta biyu, wato sake ɗora Windows bayan kwafe muhimman takardu, ta fi wahala. Duk da haka, ita nake zaɓa wa kwamfutar da ake tura kuɗi gida da ita.