Carrera RS ta 1973 ta cancanci kuɗinta, in dai ita ce da gaske

Duk wanda ya tashi sayen tsohuwar motar tsere irin wadda aka ƙera 'yan kaɗan, sunaye huɗu ko biyar dillalan Turai za su jero masa. Ni dai ba ɓoye-ɓoye, Porsche 911 Carrera RS 2.7 ce zaɓina.

A bajekolin motoci na Paris aka fito da ita, a watan Oktoban 1972. Dokar tsere ce ta haife ta, domin sai an ƙera guda 500 kafin a bar mota ta shiga rukunin da Porsche ke hari. Masu talla a kamfanin sun yi fargabar za ta yi kwantai, sai ga shi cikin 'yan makonni an kwashe, aka ci gaba har 1,580. Injinta lita 2.7 ne, ƙarfin doki 210, yana baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ya yi yoyo. A samfurin Sport, wanda guda 200 kacal aka yi, an cire kujerun baya, an sa ƙarfen jiki da gilashi marasa kauri, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Touring mai ɗan jin daɗin zama ita ce mafi yawa, 1,308. Abin da ya fi ja na shi ne mota ce da ake hawa, ba ta ajiya kawai ba. Har yau ana samun kayan gyaranta, makanikan da suka san tsohuwar 911 kuwa suna nan birjik a Jamus, Ingila da Amurka.

Sauran fa? Ferrari F40 an ce 400 za a yi, aka ɓige da sama da 1,300, ga tankin mai na roba da sai an riƙa sauyawa. Jaguar E-Type kyakkyawa ce, amma motar da aka yi fiye da 70,000 kada dillali ya ce maka ba ta da yawa. Toyota 2000GT, 351 ce duka, in fitila ta fashe sai ka yi cigiya har Japan.

In riba kake nema, ka yi hattara. Farashin RS ya yi tashin gwauron zabi zuwa 2014 da 2015, Sport ta haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, daga baya kasuwa ta lafa. Inshora da kuɗin ajiya kuwa ba sa lafawa.

Babbar matsalar RS ita ce jabu. Gangar jikinta kusan ɗaya ce da ta 911T, wato 911 ta gama-gari, ta wannan shekarar, wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba. Mai walda ya faɗaɗa mazaunin tayoyin baya, a ɗora ɗan fiffiken nan na kan murfin inji, a manna rubutun Carrera a gefe, shi ke nan. Wanda ya faɗa maka kwaikwayo ce bai cuce ka ba. Macucin shi ne mai buga lamba. Lambar shasin RS da 911360 take farawa, an buga ta a kan ƙarfe cikin but ɗin gaba kusa da tanki. A kankare fenti a duba bayan wurin, ko an yanko ƙarfen daga motar da ta yi haɗari an liƙa. Injin kuma nau'in 911/83 ne, kuma da yake da yawa an sauya musu gangar inji, masu goge lamba su sake bugawa sun samu kasuwa. Akwai kuma masu tuɓe kujeru da kafet ɗin Touring su ce Sport ce. Bayanan masana'anta ne ke raba gardama, lambar M471 ta Sport ce, M472 ta Touring.

Takardar shaida ma kada ta ruɗe ka. Abin da take tabbatarwa shi ne an taɓa ƙera mota mai wannan lamba, ba wai ita ce a gabanka ba. A 2023 'yan sandan Jamus sun kai samame wani fitaccen garejin gyaran tsofaffin motoci kusa da Stuttgart bisa zargin Mercedes 300 SL biyu masu lambar shasi ɗaya. In haka za ta faru a can, ina ga dillalin intanet mai hotuna goma da gaggawar a tura kafin alƙalami?

Sai tsatsa, wadda ni ita nake fara dubawa tun ranar da wani dillali ya haɗa ni da wata 911 mai sheƙi, aka sa jak, ƙarfen ƙasan ƙofa ya lotse, garin tsatsa da fila suka zubo. Sai tsakiyar shekarun 1970 Porsche ta fara yi wa jikin motocinta rigakafin tsatsa gaba ɗaya, RS ba ta samu ba. Ka tafi da tocila da maganaɗisu na gano inda aka cike da fila. A ɗaga motar, a ciro baturan da ke gaba a leƙa ƙarƙashinsu. Mai dubawar kuma kai za ka kawo shi ka biya shi, ba mai sayarwa ba. In ya ƙi a ɗaga kafet, ka kama hanya.