Gargaɗi: mai tallar rim da taya a Instagram ya cuce ni naira 2,850,000

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar rim da tayoyin motocin gudu a Instagram, yana cewa shagonsa yana Legas, kayansa kuma duk 'yan Beljiyam ne masu kyau. Macuci ne. Naira 2,850,000 ya karɓa a hannuna. Miliyan biyu da dubu ɗari takwas da hamsin, ban da 60,000 na kuɗin mota da na biya daban. Yanzu haka da nake rubutun nan zuciyata tafasa take yi.

Kafin wani ya ce garaje na yi, ya tsaya ya ji. Motata Ford Mustang GT ce ta 2016, kuma na san lambobinta sarai. Noti biyar ne, ma'auninsu 5x114.3. Ramin tsakiya milimita 70.5. Tawa mai babban birkin Brembo ce a gaba, mai fistin shida, don haka ba kowane rim ke wuce shi ba tare da ya goga ba. Tayoyin da kamfani ya sa mata 255/40 R19 ne a gaba, 275/40 R19 a baya, na bayan sun fi faɗi. Duk wannan na rubuta masa shi baki da baki tun a saƙon farko. Na tambayi ofset, wato lambar ET da ke nuna ko rim zai shige ciki ko zai leƙo waje. Na tambayi shekarar taya. Me ya rage ban tambaya ba?

Ya kira ni ta bidiyo. Wannan kiran ne ya hana ni barci. Ya ɗaga rim ɗin, ƙirar kamfanin BBS, inci 19, ya juya bayansa, ya kawo waya kusa har na karanta lambobin da idona. 5x114.3. Ya mirgino taya, Michelin Pilot Sport 4S, ya sa yatsa a kan lambar DOT mai nuna lokacin da aka ƙera taya, huɗun ƙarshe 3223, wato sati na 32 na 2023. Harafin gudu Y, mai ɗaukar kilomita 300 a awa. Sannan ya ce, "Alhaji, wallahi amana ce tsakaninmu. Ni ma ɗan Arewa ne, neman halak ya kawo ni Legas, ba zan ci haƙƙinka ba." Da Hausa tsantsa. Da wallahi. Na ga lambobin da idona, jama'a, ba labari aka ba ni ba.

A'a, akwai abin da ya faru kafin kiran ma. Da farko wani saiti ne na nuna masa a shafinsa, mai araha. Shi da bakinsa ya hana ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai wuce birkinka ba, kada ka yi asarar kuɗinka." Mai sayarwa ya hana ka sayen kayansa don kada ka cutu, wa zai zarge shi bayan haka? Ku faɗa min, wa? Daga baya ne na gane da wannan ya ɗaure ni, don in hau kan mai tsadar.

Na tura kafin alƙalami miliyan ɗaya. Sunan asusun ya yi daidai da sunan shagon da ke shafin, na duba. Ya turo rasit mai hatimi. Ya turo hoton kwalaye an ɗaure a tasha da sunana a jiki, sannan na cika 1,850,000. Jimla 2,850,000. Kuɗin da na daɗe ina tarawa, ba tsintar su na yi ba.

Kaya suka iso Kano. Na kai wurin mai facin da ke min aiki, muka ɗaga mota, ya ɗauki rim na farko zai sa, ya ƙi zama. Ya juya, ya sake gwadawa, ya ƙi. Ya ɗauko ma'auni ya auna ramin tsakiya, 66.6. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan ai na Marsandi ne." 5x112 ne. Tsakaninsa da 5x114.3 milimita biyu ne da ɗoriya, ido ba ya rabewa, amma a mota ba wasa ba ne, don notin ba zai zauna daidai a gurbinsa ba. Rubutun BBS ɗin ma a marfin tsakiya kawai yake, sitika ce aka liƙa. Bayan rim ɗin babu ko ɗaya daga cikin lambobin da na karanta a bidiyo. Ungulu da kan zabo ya yi min. Wanda ya nuna daban, wanda ya ɗaure a kwali daban.

Mutane sun taru a wurin suna kallo. Wani yaro har yana tambaya nawa na saya. Ban iya buɗe baki ba.

Tayoyin kuma, Allah ya isa. Duk huɗun girmansu ɗaya, babu mai faɗi na baya. A gefensu akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki. Tayoyin hunturun Turai ne, robarsu mai laushi, an yi su don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Su zan hau hanyar Zariya da su a watan Afrilu, rana tana wuce digiri 40? Harafin gudunsu H, iyakarsa 210, a motar da ke kaiwa wajen 250. Lambar DOT kuwa 1816. Sati na 18 na 2016, shekarar motar kanta! An shafe su da baƙin mai suna ƙyalli, ka kankare da farce sai ga tsaga-tsaga a gefe.

Na manta ban faɗa ba, ɗaya daga cikin rim ɗin ya taɓa fashewa ta ciki. An yi masa walda, an goge, an fesa fenti. Bakanikena ne ya gano da ya shafa hannu ya ji tudu. Da a ce ma ya shiga motar, da ran wa ake wasa? Ina ɗaukar ƙannena a motar nan.

Na kira shi tun muna wurin mai faci. Ya ɗauka. Wai yaran shago ne suka yi kuskuren kwali. Da na matsa, sai ya ce, "Alhaji, abu mai sauƙi ne, ka kai wa masu injin su faɗaɗa ramin, zai shiga." In kai a huda rim ɗin da aka riga aka yi wa walda, bayan na biya 2,850,000. Wannan maganar ta fi kuɗin ƙona min rai, domin ta nuna ya san abin da ya turo, kuma bai damu ko in mutu a kai ba. Ya ce zai canza, in turo 60,000 na mota kuma. Na ce ya dawo min da kuɗina. Daga nan waya ta daina shiga, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya yi ɓatan dabo.

Yayana ya ce me ya hana ni zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Na je, Yaya. Na zaga, ban samu inci 19 mai faɗi iri biyu, na gaba da na baya, da zai wuce birkin nan ba, shi ya sa na nema a waje. Wanda yake da irin motar nan ya san wahalar da nake faɗa. Kuma mutumin ya nuna min lambobin. Ya sa yatsa a kan 3223. Ya ce amana.

Duk hirarmu tana wayata, da rasit, da shaidar tura kuɗin duka biyu, da hotunan abin da ya iso. Na kai ƙorafi banki, zan kuma kai wa EFCC, kuma da zarar lauyana ya ba ni izini zan saka hotunan kowa ya gani.

Kada ku biya kuɗin rim sai an ɗaura shi a motarku kun gani. Bidiyo ba hujja ba ce. Ku karanta DOT a jikin tayar da ke gabanku.

Wani abokina ya turo min wani sabon shafi jiya, suna daban, amma bidiyon nan ne dai, rim ɗin nan, yatsan nan a kan 3223. Har mutane suna tambayar farashi a ƙasa.