Hular NY da ka ce in sayo maka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya kasuwa? Mu nan alhamdulillahi, sai sanyi da ya fara kunno kai, irin wanda ke sa mutum ya ba hunturun Kano haƙuri.

Saƙonka ya iso, na hular nan mai tambarin NY da ka ce lallai sai orijina. Ni kaɗai na yi ta dariya a mota, don na tuna lokacin da muke tsintar ta a gwanjon Ƙofar Wambai muna zaton sunan gari ne kawai aka rubuta. Ashe hular 'yan wasa ce, ta kulob ɗin Yankees masu buga besbol, kuma filinsu na nan unguwar Bronx a birnin New York, tasha kaɗan a jirgi mai lamba 4 daga inda nake haya. Tunda za ka ɗora ta a ka, gara ka san ta su wa ka sa.

Wani abokin aikina ɗan Dominika ne ya fara ja na filin. Abin da ya fara ɗaure mini kai tikiti ne. Babu takarda, a waya yake, da lambar layi da ta kujera, kuma ko wasa ya yi nisa ka iso, kujerarka na nan tana jiran ka. Na tuna yadda muke barin gida tun azahar don kallon Pillars na ƙarfe huɗu, rana na dukan mu, kowa na gadin wurinsa da ƙafa. Sai dai kuɗin tikitin nan kamar tumatirin Yankaba yake, ba ya tsayawa wuri ɗaya: ranar da Boston ko Mets suka zo sai ya yi tashin gwauron zabi, ranar Talata da ƙaramin kulob kuwa talaka ma ya samu shiga. A ciki ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Banɗaki da ruwa, na'urar hawa bene, wurin masu keken guragu, duk an tanada. Abinci ne dai na rufe ido na wuce, don kuɗin gorar ruwa ɗaya ya isa ka ci tuwo da nama a gida har ka yi wa wani tayi. Da yake ana barin mutum ya shigo da nasa, yanzu sai na biya shagon 'yan uwanmu na Zangon Ghana na ƙunso shinkafa da wake tukuna.

Wasan kansa, a ranar farko barci ya so ya kwashe ni. Mutum ɗaya na jifa, ɗaya na jira da sanda, sauran sun watsu a fili kamar masu gadin gona. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye kulob na bugu har sai an fitar masa da mutum uku. Babu kunnen doki, sai an sami gwani. Babu kuma faɗawa ƙaramin rukuni, kulob 30 ne, ko ka yi ta shan kashi kana nan. Ɗan wasa ne ake mayarwa ƙasa. Na Yankees idan ya gaza sai a tura shi Scranton ya je ya gyara hannu. Wasa 162 suke bugawa a kaka ɗaya, kusan kullum ke nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba.

Abin da ya kama ni ba wasan ba ne, musun ne. Shagon askin da nake zuwa majalisa ce sak, shayi kawai babu. Bambancinsu da mu, su ba sa musu da rantsuwa, da lissafi suke yi. Mu a gidan kallo sai mutum ya ce wallahi wane ya fi wane, a yi ta ihu har a ɗauke wuta. A nan kowane jifa da kowane bugu a rubuce yake, har saurin ƙwallo. Ka ce Aaron Judge, tauraron Yankees, gwani ne, sai a karanto maka: a 2022 ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 62, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961 a rukuninsu (kulob 30 ɗin rukuni biyu ne), an zaɓe shi gwarzon rukuni a 2022 da 2024 da 2025. Duk da haka akwai wani dattijo a shagon, kullum yana kujerar kusa da ƙofa da jarida a cinya, da an gama karatun sai ya ɗaga yatsa ya tambaya, zobe nawa gare shi? Zobe shi ne kyautar wanda ya ci kofin World Series, wato karon ƙarshe na fitar da zakaran shekara. Judge ba shi da ko ɗaya. Yankees sun ci kofin sau 27, babu wanda ya kamo ƙafarsu, amma rabonsu da shi tun 2009. A wajen dattijon nan, duk shekarar da ba kofi asara ce, ko da an yi ta biyu. Ka san irin wannan ciwon, tunda mu ma 'yan Pillars rabonmu da kofin lig tun 2014.

Akwai wani dare da har yau ba su warke daga shi ba, 30 ga Oktoba, 2024, wasa na biyar na World Series da kulob ɗin Dodgers, a gidan Yankees. Ina tuƙi ina saurare a tashar WFAN, fasinjana yana baya da riga mai lamba 99, lambar Judge. Yankees na gaba da 5 da nema har aka shiga zagaye na biyar. Sai ƙwallo ta taho wa Judge a tsakiyar fili, mai sauƙi, ta faɗo daga safar hannunsa, kuskurensa na farko a duk kakar. Abokin wasansa Anthony Volpe ya yi jifa ta bugi ƙasa. Gerrit Cole, mai jifan Yankees, ya daure ya fitar da mutum biyu, har da Ohtani, tauraron Dodgers, saura ɗaya a tsira. Mookie Betts na Dodgers ya buga wata 'yar ƙwallo ta gangara, maimakon Cole ya ruga ya tsare masaukin farko, inda mai bugu ke rugawa, sai ya tsaya yana nuni da hannu. Kafin ka ce kwabo an koma 5 da 5, aka tashi 7 da 6, Dodgers suka ɗauki kofi a gaban masu gida. Fasinjan nan bai ƙara cewa uffan ba, da zai sauka ma ƙofa a buɗe ya bar mini.

Daga nan musu ya koma kan jerin 'yan wasa 26 da wanda ya tsara shi. Juan Soto, ɗan Dominika, ya bar Yankees ya tsallaka Mets, maƙwabta na Queens, kan dala miliyan 765 na shekara 15. Kada ka wahalar da kanka da juya shi zuwa naira, na gwada, wayar ma sai da ta yi tunani. 'Yan Dominika na shagon suka rabu biyu, wasu na cewa ya ci amana, wasu na cewa duk wanda ya ƙi wannan kuɗin a kai shi asibiti. Kulob ya ɗauko Max Fried kan dala miliyan 218, da Cody Bellinger, sannan aka yi wa Cole aiki a gwiwar hannu bai yi jifa ko ɗaya ba a 2025. Suka ci wasa 94, suka fitar da Boston a zagayen fitar da gwani, a daren da wani sabon yaro mai jifa, Cam Schlittler, ya yi zagaye takwas ba a ci shi ba, sai Toronto ta yi waje da su. Abin da ya ɗan sanyaya musu rai, Mets da Soton nasu ko zagayen fitar da gwani ba su kai ba.

Ni dai a nawa ganin sun fi mu haƙuri da koci nesa ba kusa ba. Kullum ana kira a rediyo a sallami kocinsu Aaron Boone, amma yana nan tun 2018, Brian Cashman mai sayo 'yan wasa kuwa tun 1998. A wajenmu wa zai kai haka? Volpe nake tausaya wa, yaron gida ne da ya taso yana son kulob ɗin, yanzu idan ya yi kuskure fili guda ke yi masa ihu. Ihu ne kawai dai, ban ga an jefi kowa ba, kuma alƙalin wasa da ƙafarsa yake fita.

Wani abin da zai ba ka dariya: tun zamanin George Steinbrenner, uban mai kulob na yanzu, an hana 'yan wasan Yankees ajiye gemu, sai gashin baki. A Fabrairun 2025 aka janye dokar, da sharaɗin a riƙa gyara shi. Mai askinmu ya ce shi ne kaɗai cinikin da kulob ya yi a shekarar da ya amfane shi.

Mu koma kan hula. Iri biyu ce. Akwai ta masu tebur a titin River, gefen filin, mai maɗauri a baya, da araha, har ana ɗan yin ciniki, ba ta fi ta Wambai da komai ba. Akwai ta kamfanin New Era, irin wadda 'yan wasa ke sawa, ta haura dala 40, ɗinkinta da nauyinta daban ne. Ita ba ta da maɗauri, da lamba take zuwa kamar hular zanna, idan ta yi maka kaɗan shi ke nan. Samarin nan ba sa ɓare takardar da ke manne a bakinta don a san orijina ce, kai ma sai ka zaɓa. Ka sa a zagaya kanka da tef ɗin tela, saman kunne, ka turo mini awon kafin ƙarshen wata, akwai mai tahowa gida. Launinta na asali shuɗi ne mai duhu, ba baƙi ba, kada ka ga ta iso ka ce an cuce ni. A gaida Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin ma yana cikin kayan.