Tsohon 70-200 f/2.8 ko f/4 mai IS: wanne za ka saya a na hannu?

Malam, ka tambaya wane lensin kyamara za ka saya a na hannu. Tsakanin biyun da ka ambata, wato Canon EF 70-200mm f/2.8L na farko wanda ba shi da IS (na'urar kashe rawar hannu) da kuma EF 70-200mm f/4L IS, tunda hoton mutane za ka riƙa ɗauka kuma ka ce kuɗinsu ya yi kusa da juna, ɗauki f/4 ɗin. Na san da yawa za su ce maka f/2.8, wanda ƙofar haskensa ta fi ta f/4 buɗewa, shi ne na ƙwararru, to amma ka ɗan saurara.

Mu fara da nauyi, don shi mutane ke rainawa. f/4L IS ya fito a 2006, nauyinsa giram 760. Tsohon f/2.8 ƙirar 1995 ne, giram 1310, ka ga bambancin ya haura rabin kilo. A minti goman farko ba za ka ji komai ba. Sai ka yi awa biyu kana durƙusawa kana miƙewa, kana juya kyamara a tsaye, a nan wuyan hannu zai fara magana, kuma 200mm ba ya rufa wa gajiyayyen hannu asiri. 'Yar rawar da ba za ta fito a 50mm ba, a 200mm sai ka ga gashin ido ya zama biyu-biyu.

A nan IS ke shigowa, wato na'urar da ke cikin lensin mai kashe rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin shata ya gaza tsawon lensi, idan kana 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa. Canon ta ce IS ɗin wannan lensi yana ba da mataki huɗu, kowane mataki na ninka lokacin da shata ke buɗe, a lissafi kenan daga 1/200 har wajen 1/13. Kada ka dogara da wannan ƙarshen a kan mutum mai numfashi da ƙifta ido, amma 1/60 ko 1/80 a kan wanda ya tsaya cak, gab da faɗuwar rana, lokacin da haske ya yi laushi a fata, hoto zai fito tas. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Ka ɗora ido a kyamara a 200mm, za ka ga fuskar mutum tana ta yawo, ɗigon fokas yana zamewa daga ido zuwa gira zuwa kunne. Da ka taɓa maɓallin shata rabi, sai ka ji ɗan sauti, hoton ya natsu kamar ruwan da aka daina motsawa, ka ɗora ɗigon a kan ƙwayar idon da ke kusa da kai ya zauna. Da yawa daga hotunan fuska da ke lalacewa a nan suke lalacewa, ba a ƙarancin haske ba.

Sai batun dusar da bayan mutum, wanda na tabbata shi ke jan hankalinka zuwa f/2.8. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wato babbar sensa mai girman fim na 35mm, a 200mm, mutum yana nesa da kai mita 5, abin da zai fito garau a f/2.8 bai wuce zurfin santimita 10 ba, a f/4 kuwa wajen santimita 15. Daga kan hanci zuwa kunne ya cinye wannan goman. Idan ya ɗan karkata fuska, ido ɗaya zai fito ɗaya ya dushe. Shi ya sa masu f/2.8 da kansu sukan rufe ƙofar haske zuwa f/4 idan fuska ta cika hoto, idan kuma mutum biyu ne ko uku sai sun kai f/5.6. Abin da ya fi narkar da baya shi ne tazara: ka janye mutum daga jikin bango ko bishiyoyi da mita goma, ka zuƙo zuwa 200mm, f/4 zai mayar da ganyen nan launi kawai. Wanda ya jingina mutum da bango kuwa, ko f/2.8 ba zai ɓoye masa bulo ba.

f/4L IS yana kama fokas tun daga mita 1.2, tsohon f/2.8 sai mita 1.5, abin da ke da amfani idan kana son ɗaukar hannu ko ido kawai. Sai dai in faɗa maka rauninsa: a 200mm, a can kusa-kusa, kaifinsa yana ɗan raguwa. Ka koma 135mm ko ka ja baya zuwa mita biyu, shi kenan. Yana da zoben roba a gindi mai tare ƙura da yayyafi, filtarsa 67mm ce, ta ɗayan 77mm.

Shi f/2.8 ɗin ban ce ba shi da kyau ba. Yana shigar da haske ninki biyu, inda f/4 zai tura ka ISO 3200 (ISO ma'aunin yadda sensa ke jin haske ne) shi zai bar ka a 1600, kuma IS ba ya tsayar da yaron da ke gudu, rawar hannunka kawai yake kashewa. Idan aikinka duk a cikin ɗaki mai duhu ne, mutane na motsi, ba ka amfani da filashi, to kana da hujja. Haka idan kyamararka irin R6 ce mai kashe rawa a cikin sensarta, ka haɗa shi da adafta. In ba haka ba, wanda lallai f/2.8 yake so gara ya yi haƙuri ya tara ya sayi f/2.8L IS II na 2010, kada ya ɗauko lensin da wataƙila ya shekara ashirin yana aiki a hannun wasu.

Ba ka faɗi kyamararka ba. Idan mai ƙaramar sensa ce, irin 700D ko 80D, ka ninka da 1.6, wato 70mm zai yi maka kamar 112mm. A ƙaramin ɗaki za ka ja baya har ka daki bango ba ka samu kafaɗa ba. Ɗaukar mutum daga kai zuwa ƙafa a 200mm yana son wajen mita 10 a cikakkiyar sensa, a ƙarama wajen 16, sai ka riƙa ɗaga murya kafin ya ji ka. Wannan ya shafi lensin biyu duka. Idan kuma wani ya nuna maka 75-300mm ya ce ai ya fi zuƙowa kuma ya fi sauƙi, ka ce masa ka gode.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk na sama muhimmanci. Lensin na hannu a wurin saye ake yin asararsa, domin masu sayarwa ba duka ke faɗin gaskiya ba.

Damfarar da ta fi sauƙi a wannan lensi ita ce a miƙa maka f/4L marar IS, na 1999, da sunan mai IS. Kusan kamarsu ɗaya, farare, filta ɗaya. Ka ƙirga makunnan da ke gefe: marar IS biyu gare shi, mai IS huɗu, har da na kunna IS da na zaɓen yanayin aikinsa, 1 ko 2, kuma an rubuta Image Stabilizer a jikinsa. Idan daga nesa kake ciniki, ka sa ya ɗauko maka hoton makunnan da na lambar lensin tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, don da yawa hoton intanet suke turowa. Lambar da aka kankare ko aka liƙe, ka bar kayan, mai yiwuwa na sata ne. Kada ka tura kuɗi kafin ka gwada, sai in akwai sharaɗin mayarwa a rubuce.

Ka je da kyamararka da batir cike da ƙaramar tocila. Ka cire murfin gaba da na baya, ka cire filtar da ke kai ko da ya ce don kariya ya sa ta, domin wasu da ita suke rufe lotsewar baki, kuma baki lotsatse na nufin lensin ya taɓa faɗuwa. Ka haska tocila ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, kowane lensi yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo ko farin zare mai rassa, yawanci daga gefen gilashi take farawa. Danshi ke haifar da ita, idan ta daɗe tana cin shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon na nan. Sai hazo, wani fari-fari da ya lulluɓe gilashi ɗaya gaba ɗaya, shi ke sa hoto ya yi fatsi-fatsi musamman idan rana na bayan mutum, alhali irin hasken da mai ɗaukar fuska ya fi so kenan. Ƙaramin karce a gilashin gaba da wuya ya nuna, na gilashin baya ne bai kamata ka yafe ba. Ka duba kan notocin gindi: idan sun cinye, an taɓa buɗe shi, ka tambayi dalili.

Sannan ka ɗaura shi. Idan kyamara ta nuna Err 01, ka goge ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke gindi ka sake gwadawa, in ta maimaita ka ajiye. Akwai ciwon da aka san wannan lensi da shi, wato zamewar fokas. Ka mayar da shi MF, wato fokas na hannu, ka ɗaga bakinsa sama sosai, ka juya zoben fokas a hankali daga kusa zuwa nesa kana kallon ma'aunin da ke cikin 'yar tagar. Idan zobe na juyawa ma'auni ya tsaya ko yana tsalle, ciwon ya kama shi. Ka maimaita bakin na kallon ƙasa, sannan a AF, wato fokas mai kama kansa. Mai sayarwa zai gwada maka shi a kwance ne kawai, inda ba ya nunawa. IS ɗinsa yana da ɗan gurnani, haka aka yi shi, amma idan hoto yana zabura a ido ko kana jin ƙas-ƙas mai ƙarfi, ya kusa mutuwa, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Zoben zuƙowa ya tafi sumul daga 70 zuwa 200, tsawon lensin ba ya canzawa sam.

Ka sa f/22, ka danna maɓallin duba zurfin fokas sau da yawa kana leƙa gaba. Ganyayyakin ƙofar haske su rufe su buɗe nan take, ba maiƙo a jikinsu. Daga nan ka tsaya daidai gaban bangon bulo, ka ɗauka a f/4 a 70, 135 da 200, ka buɗe hoton har ƙarshe ka kwatanta kusurwoyi huɗu. Idan ɗaya ta fi sauran dushewa a fili, wani gilashi ya goce a ciki, yawanci daga faɗuwa. Na ƙarshe, ka ɗauki fuskar shi mai sayarwar sau goma a 200mm, kana karkatar da fokas kana dawowa kan ido. Idan kullum kunne ne ke fitowa ko kan hanci, kyamarori irin 6D da 80D suna da wurin daidaita wannan a cikin saiti. Idan kuwa wani ya faɗa gaba wani baya ba tsari, injin ne ya gaji.

Idan ya ce maka bai daɗe da saye ba, ka duba gindin lensin ko akwai 'yan haruffa da lambobi. A tsofaffin, harafin farko na masana'anta ne, na biyu shekarar ƙira: U 2006, V 2007, W 2008, haka har Z 2011. Ka tabbatar ya haɗa maka da hularsa, ET-74, don ita ke tare hasken gefe kuma ita ke shan bugu kafin gilashi.